LAYINKA SHI NE MAKULLIN GIDANKA: DARASI A KAN TSARE KAI A INTANET



'Yan'uwa, darasinmu na yau a kan abin da ke aljihun kowa ne, da abin da ke kan tebur a gidaje da yawa, wato waya da kwamfuta. Koke-koken da ake kawo mini a 'yan watannin nan daga nan Zabi, da Samaru, da cikin Sabon Gari, kusan duk kamarsu ɗaya. Wannan an kwashe masa kuɗi a banki. Wancan an ƙwace masa WhatsApp ana ta roƙon jama'a kuɗi da sunansa. Wata kuma ta kai waya gyara, hotunan cikin gidanta sun fita. Idan ka zaunar da mutum ka bi labarin a hankali, mafi yawan lokaci sai ka tarar babu ƙofar da aka karya, babu katangar da aka haura. Mai gida ne ya miƙa makulli da hannunsa, ko ya bar shi a jikin ƙofa, domin bai san makulli ba ne.

To, abin da nake so mu fita da shi ke nan: mu san makullanmu, mu san yadda ake karɓe su, mu san abin yi idan sun kuɓuce. Ba sai ka yi karatun kwamfuta a jami'a ba. A daure a karanta har ƙarshe, a kuma karanta wa iyaye da iyalin da ba su iya karatun boko ba, domin su aka fi hari.

NA FARKO: YADDA LAYI YA ZAMA MAKULLI

Lokacin da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, layi na kira ne kawai. A Fabrairun 2014 Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da BVN, lamba mai alƙaluma 11 da ta ɗaure duk asusun mutum wuri guda. A Disamban 2020 gwamnati ta ba da umarnin a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Sai ƙarancin takardar kuɗi na farkon 2023 ya zo, ya tura kowa ga tiransifa, har mai shayi da mai kayan miya a kasuwar Samaru. Yau bankinka, da WhatsApp ɗinka, da Facebook, da imel, da rajistar JAMB ta ɗanka, duk a jikin wannan ɗan ƙaramin katin suke rataye.

Shi ya sa ɓarawon da ya fizge waya a Kwangila ko a cunkoson kasuwar Sabon Gari, sau da yawa ba wayar ce ta dame shi ba. Ko ka kulle allonta da zanen yatsa, zare sim ɗin zai yi ya sa a ƙaramar waya. Duk saƙon da banki zai aiko maka, yanzu shi zai gani. Lambar nan da muke dannawa mu duba BVN, *565*0#, ai ba ta san fuskar kowa ba, layi kawai ta sani. Daga nan sai ya fara lalubo hanyar asusunka.

Maganin wannan kyauta ne, kuma bai kai minti biyar ba: ka sa wa sim ɗin kansa lambar sirri. Wannan daban take da makullin allo. Tana cikin saitin waya, a sashen tsaro, wajen kulle katin sim. Da zarar ka kunna ta, duk wayar da aka sa layin a ciki sai ta nemi lambar kafin ya yi aiki. Amma a kula da abu biyu. Idan aka yi kuskuren lambar sau 3, layi zai kulle, sai da wata lamba mai alƙaluma 8 da ake kira PUK, wadda take jikin babban katin da aka ɓallo sim daga ciki. Idan kuma aka yi kuskuren PUK sau 10, sim ɗin ya mutu. Saboda haka ka nemo PUK ɗinka ka rubuta ka adana tukuna. In ka yar da katin, je ofishin kamfanin layinka su ba ka, su kuma gaya maka lambar farko da layin ya zo da ita, sannan ka canza ta zuwa taka.

Sauran abubuwan kiyayewa a nan:

Kada ka ajiye lambar sirrin ATM ko BVN a cikin jerin sunayen waya da suna irin "bankina" ko "BVN ɗina". Wurin da ɓarawo ke fara dubawa ke nan.

Idan za ka bar waya a wurin mai caji, kulle ta, ko ka zare sim ka tafi da abinka.

Layin da ka daina amfani da shi, in ya daɗe a ajiye, kamfani yana iya soke shi ya sayar wa wani. Idan da shi ka buɗe asusu, je banki a canza lambar kafin saƙonnin kuɗinka su fara shiga wayar baƙo.

Haka nan layin mamaci. Kada a miƙa wa yaro wayarsa da layin a ciki, kada kuma a jefa shi a durowa a manta, har sai an gama da abin da ke bankinsa. Wannan kuɗi haƙƙin magada ne.

NA BIYU: LAMBAR DA AKA TURO MAKA TAKA CE KAI KAƊAI

Nan ne aka fi cin mutane, don haka zan ɗan tsaya.

Banki, da WhatsApp, da Facebook, da Gmail, duk suna da hanya ɗaya ta gane cewa kai ne: su turo lamba zuwa layinka, yawanci mai alƙaluma 6, wadda ake ce wa OTP. Duk wanda ya shigar da lambar nan, a wurinsu shi ne kai. To ɗan damfara yana da lambar wayarka, wataƙila ma da sunanka da na bankinka. Abu ɗaya ya rage masa, kuma yana hannunka. Sai ya kira.

"Salamu alaikum, Alhaji, barka da war haka. Daga zauren tsofaffin ɗalibai nake kira. Akwai taron da za mu yi yau da ƙarfe takwas ta intanet, na turo maka lambar shiga. Don Allah karanto mini in sa sunanka a rajista."

Ka duba, lallai ga saƙo ya shigo. Ka karanta masa. Ba lambar taro ba ce, lambar buɗe WhatsApp ɗinka ce a wayarsa. Kafin ka ajiye waya an fitar da kai. Daga nan sai ya bi 'yan'uwanka da abokanka ɗaya bayan ɗaya: "Ina asibiti da yaro, tiransifa ta ƙi tafiya, taimaka ka tura dubu hamsin a wannan asusun, gobe da safe in maido." Hotonka ne, lambarka ce, wa zai yi shakka? Sannan ya shiga zaurukan da kake ciki ya kwashi sababbin lambobi, ya sake ɗana tarkon.

Na banki kuwa da tsoro yake zuwa: "Hajiya, daga hedikwata muke kira. An samu matsala a BVN ɗinki, nan da awa ɗaya za a rufe asusunki." Ya faɗi cikakken sunanki, har da ranar haihuwa, sai ki saki jiki. Ki sani waɗannan bayanai suna yawo a takardun da muke cikewa ko'ina, saninsu ba ya nuna mutum ma'aikacin banki ne. Bankuna da kansu kullum suna sanarwa cewa ba sa kiran kowa su nemi lambar sirri, ko OTP, ko lambobin da ke jikin katin ATM. Duk wanda ya nema, ya gama gaya miki ko shi wane ne.

Ku lura, igiyoyi huɗu suke ja: tsoro, kwaɗayi, gaggawa, da kunya. Ta huɗun ita ce ta fi kama mu Hausawa. Mutum ya yi maka sallama, ya kira ka Malam, ya ambaci sunan limaminku ko shugaban ƙungiyarku, sai ka ji nauyin ce masa a'a. To wallahi babu rashin ladabi a cikin ka ce: "Yi haƙuri, zan kira ka." Ka kashe, ka kira wanda aka ambata a lambar da ka sani tun da, ko ka taka zuwa reshen bankinka a PZ ko Samaru. Mai gaskiya zai jira ka. Wanda ya ce kada ka kashe waya, ko kada ka gaya wa kowa, shi ne ɓarawon.

Ga kuma katanga ta biyu. A cikin saitin WhatsApp, sashen akawun, akwai tabbatarwa mai mataki biyu. Za ka zaɓi lamba mai alƙaluma 6 ta kanka, ka haɗa da imel. Ko an yaudare ka ka ba da lambar da aka turo, sai an nemi wannan kuma. Facebook da Gmail ma suna da irinta. Kunna su duka. Ka riƙa leƙa sashen na'urorin da aka haɗa da WhatsApp ɗinka, in ka ga kwamfutar da ba ka sani ba, cire ta.

Idan kuwa kai aka turo wa saƙon neman kuɗi da sunan ɗan'uwa, ko da sunan wani malami ana cewa ginin masallaci ko taimakon marayu, kira shi ta layi ka ji daga bakinsa. Ka duba sunan da ke kan asusun kafin ka tura. Saƙon murya kaɗai bai isa hujja ba, domin yanzu akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum. Tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani.

NA UKU: KARANTA ADIRESHI KAFIN KA LATSA

Kowane azumi, kowace sallah, kowace sabuwar gwamnati, sai linki ya cika zauruka: tallafin naira dubu kaza, data kyauta, kujerar Hajji, ɗaukar ma'aikata. Ka latsa, a ce cike sunanka da NIN da lambar asusu, sannan ka tura wa zauruka biyar kafin a biya ka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Babu hukumar da ke sharɗanta sai ka tura wa mutane kafin ta ba ka haƙƙinka.

Ga ma'auni mai sauƙi. Adireshin mafi yawan hukumomin gwamnatin Najeriya yana ƙarewa da .gov.ng, na jami'o'i kuma da .edu.ng. Na JAMB shi ne jamb.gov.ng, na Jami'ar Ahmadu Bello shi ne abu.edu.ng. Abin dubawa shi ne ƙarshen sunan, daf da karan farko da ya gitta. Ɗan damfara yana iya sa sunan hukuma a farko ko a tsakiya, ya ɗauko tambarinta da launinta, amma ƙarshen zai fito da wani abu daban. Alamar kwaɗo da kake gani a gefen adireshi kuwa, ma'anarta hanyar da ke tsakaninka da shafin a rufe take. Ba ta ce mai shafin mutumin kirki ne ba, shafukan damfara ma suna da ita.

Hanya mafi aminci: kada ka shiga banki ko fotal na makaranta ta linkin da aka turo maka. Rubuta adireshin da hannunka. Manhaja kuma a Play Store ko App Store ake sauke ta. Wadda aka turo a zaure, ko waɗannan WhatsApp ɗin na bayan fage masu alƙawarin nuna maka saƙon da aka goge, ba ka san abin da aka cusa a cikinsu ba.

NA HUƊU: KWAMFUTAR GIDA DA SHAGON INTANET

Garinmu garin ɗalibai ne. Tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Samaru ta zama matattarar takardu, yau kuma layin shagunan buga takardu da rajista ne. Gidaje da yawa akwai laftof ɗaya, yawanci ta hannu, uba ya yi aiki da ita, ɗa ya rubuta furojet, ƙanana su kalli katun. Ga abin da ya kamata a kiyaye.

Sabuntawa. Da yawanmu muna kashe sabunta Windows don kada ta cinye data. Abin da sabuntawar take yi shi ne toshe ramukan da aka gano a bango. A Mayun 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, ta nemi fansa ta kimanin dala 300 a kan kowace, har asibitoci a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Alhali Microsoft ta fitar da maganin ramin tun watan Maris, wata biyu kafin nan. Waɗanda ba su sabunta ba su abin ya ci. Ku sani kuma, Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, ta kuma kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Idan kwamfutarka za ta ɗauki Windows 11, koma. In ba za ta ɗauka ba, to aƙalla kada a riƙa shiga banki da ita.

Mai gadi. Windows 10 da 11 suna zuwa da manhajar kariya tasu a ciki, kyauta. Ka bar ta a kunne. Sau da yawa wanda ya sa maka manhajar sata shi ke kashe ta, domin tana hana shi aiki. Duk manhajar da sai an kori mai gadi kafin ta shiga gida, ka tambayi kanka me ta ɗauko.

Filash. Duk ɗalibin Samaru ya san wannan bairos da ke ɓoye takardu ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu. Daga shago yake hawa filash, ya sauka a kwamfutar gida. Idan za ka buga takarda, mayar da ita PDF ka tura wa mai shago ta imel ko WhatsApp. In dole sai da filash, ware guda ɗaya na zuwa shago, ka bincike shi kafin ka buɗe.

Kwafi. Furojet ɗin shekara guda, ko lissafin shago, kada ya zauna wuri ɗaya. Kwafi a kwamfuta, kwafi a filash da ke ajiye a gida, kwafi a imel ko Google Drive. Bairos, ko ɓarawo, ko wutar da ta zo da ƙarfi, kowanne yana iya raba ka da shi a dare ɗaya.

A shago kuwa, kada ka yarda burauza ta ajiye kalmar sirrinka. In ka gama, fita daga akawun ɗin, rufe shafi kaɗai ba fita ba ne. Takardun da aka ɗauki hotonsu, irin su takardar NIN, sakamakon jarabawa da hoton fasfo, a goge su a gabanka, har daga kwandon shara na kwamfutar. Iyaye kuma ku kula da wannan sosai: wajen rajistar JAMB, ko neman lamunin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, a yi amfani da layin yaro da imel ɗinsa, kalmar sirri kuma shi zai shigar da hannunsa. Mafi yawan masu shago mutanen kirki ne masu neman halak. Amma in mai shago ya tashi, ko layinsa ya ɓata, gurbin karatun ɗanka yana hannun wanda ba ka san inda yake ba.

NA BIYAR: KALMAR SIRRI

1234 ba sirri ba ce. Shekarar haihuwarka, sunan ɗanka, ƙarshen lambar wayarka, duk wanda ya leƙa Facebook ɗinka zai iya cankarsu. Tsawo ya fi wuyar fasawa. Haɗa kalmomi huɗu da ba su da dangantaka, ka sa lamba a tsakani, ka ga abin da kai za ka riƙe, wani kuma ba zai canka ba. Kada ka yi amfani da guda ɗaya a ko'ina, domin in ta fita a wuri ɗaya za a gwada ta a sauran. Ta imel ta fi kowace muhimmanci, tunda ta can ake sake saita sauran. In kana mantuwa, rubuta a littafi ka kulle a gida, ya fi ka bar su a cikin wayar da kake yawo da ita. Na'urar Wi-Fi ta gida ma a canza kalmar da ta zo da ita daga kamfani.

NA SHIDA: ABIN DA KE CIKI BA NAKA NE KAI KAƊAI BA

Wayarka da kwamfutarka suna ɗauke da hotunan matarka da 'ya'yanka, da saƙon abokin da ya gaya maka damuwarsa, da lambobin mutane ɗari-ɗari. Wannan amana ce. Idan za ka kai gyara, zare sim da memori, kwashe abin da bai kamata a gani ba, in da hali ka tsaya a yi a gabanka. Idan za ka sayar ko ka bayar, fita daga duk akawun, sannan a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Gogewa da hannu ba ta wadatar ba, akwai manhajojin da ke dawo da abin da aka goge. Hoton da ba ka so duniya ta gani kuwa, mafi aminci kada a ɗauke shi tun farko.

Yara kuma a buɗe musu nasu sashe a kwamfuta, wanda ba shi da ikon sauke manhaja. A ajiye ta a falo inda ake wucewa. Google tana da Family Link, kyauta, da ke ba uba ko uwa damar ƙayyade lokaci da abin da yaro zai sauke a waya. Amma babu manhajar da ta kai yaro ya san cewa in wani baƙo ya nemi hotonsa ko ya tsorata shi, zai iya zuwa ya gaya maka ba tare da ya sha duka ba. Yaron da ke tsoron faɗa wa iyayensa, shi masu barazana suka fi samu.

NA BAKWAI: KUƊI

'Yan kasuwa, saƙon alat da hoton rasit duk ana ƙirƙirarsu. Kafin kaya su bar shago, buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna. In wani ya kira ya ce ya turo maka kuɗi bisa kuskure, kada ka mayar zuwa asusun da ya karanto maka, a bi ta banki.

Kada ka ba da aron asusunka a karɓi kuɗi don a ba ka na goro, kada kuma ka sayar da NIN ko BVN ɗinka. A 2025 hukumar EFCC da hukumar katin ɗan ƙasa NIMC sun yi gargaɗi a kan masu bi suna sayen waɗannan bayanai da 'yan kuɗi kaɗan. Asusun da za a buɗe da su a yi damfara, sunanka ne a kai, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa.

Manhajojin bashi masu neman izinin shiga jerin lambobinka da hotunanka, ranar da ka makara za su iya aika wa surukanka saƙon cin mutunci. Abin ya yi muni har hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu a Legas a Maris 2022.

Sai masu ninka kuɗi. MMM ta yi alƙawarin kashi 30 cikin 100 a wata, ta rufe asusun jama'a a Disamban 2016. Hukumar NDIC ta ce kimanin mutum miliyan 3 ne suka yi asarar naira biliyan 18. CBEX ta yi alƙawarin ninka kuɗi a kwana 30, ta rushe a Afrilun 2025. Suna ne ke canzawa, dabarar ɗaya ce: kuɗin na baya ake biyan na gaba da su, har ranar da sababbi suka daina shigowa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

NA TAKWAS: KAFIN KA TURA

A Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zagaye ƙasar nan cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka kwanta a asibiti, har aka samu rahoton rasa rayuka. Waɗanda suka tura, da kyakkyawar niyya suka tura. Linkin damfarar da ya iso wayar mahaifiyarka ma, ba ɓarawon ne ya turo mata ba, wani ɗan'uwa ne da ya ce "ko da gaske ne". An umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, ku duba aya ta 6 a Suratul Hujurat. Abin da ba ka tabbatar ba, ya tsaya a kanka.

NA TARA: IDAN ABIN YA RIGA YA FARU

A nan sa'ar farko ta fi komai tsada, kuma kunya ce ke cinye ta. An damfari farfesoshi, an damfari manyan 'yan kasuwa, ba kai ne farau ba. Ga tsarin da za a bi:

1. Rufe asusun banki. Bankuna suna da layin gaggawa, da yawa kuma suna da gajeriyar lamba da ake dannawa a kowace waya a rufe asusu. Tambayi bankinka tun yau, ka rubuta a takarda a gida.

2. Sa kamfani ya rufe layin da aka sace, sannan ka je ka yi walkam-bak da NIN ɗinka. In kamfanin bai saurare ka ba, hukumar sadarwa ta NCC tana da layin ƙorafi kyauta, 622.

3. Sanar da dangi da zauruka ta wata waya cewa kada a tura wa kowa kuɗi da sunanka. Masu kula da zaure su cire lambar har ta dawo hannunka.

4. WhatsApp kuwa, in layin yana hannunka, sake yin rajista da lambarka. Sabuwar lamba za ta shigo, da ka shigar da ita an fitar da ɓarawon. In ya riga ya sa tasa lambar mataki biyu, za ka jira kwana 7, amma shi ma yana waje.

5. Kai wa banki ƙorafi a rubuce, ka karɓi shaida. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, kana da damar kai ƙara sashen kare abokan hulɗa na Babban Banki.

6. Kada ka goge saƙonni da lambar asusun da aka tura kuɗin, su ne hujjarka a wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kaduna. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Lambar jikin waya ta IMEI ma tana taimakawa, danna *#06# ka rubuta ta tun wayar tana hannunka.

Ka kuma yi hattara da wanda zai ɓullo a Facebook ya ce zai dawo maka da kuɗinka ko akawun ɗinka in ka biya shi. Sau da yawa damfara ta biyu ce.

AIKIN GIDA

Abubuwan suna da yawa, na sani. To a fara da uku a daren nan kafin a kwanta. Nemo PUK ka kulle sim ɗinka. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da imel. Sannan ka zauna da Baba da Inna da matarka, ka gaya musu da bakinka: duk lambar da ta shigo wayarku, ko wane ne ya kira, ko da ya ce ni ne na aiko shi, kada ku karanta masa, ku kashe ku kira ni. Matasan da Allah ya ba sanin waɗannan abubuwa, ku taimaki dattawan unguwa, ku nuna musu wurin, amma ku juya fuska su shigar da lambar da hannunsu.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, ya mayar wa waɗanda aka cuta da mafi alheri, ya shiryi masu wannan sana'a. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.